Likitan da Ya Kama Kan Ƙaya

Tunda ka ce aikin haɗa rigakafi kake son shiga, zauna ka ji wannan misali.

An yi wani likita mai bincike a wani gari da annobar tari da zazzaɓi ta faɗa wa. Ta yi ta ɗibar mutane har masu haƙar kabari suka gaji, cikin waɗanda ta ɗauka kuwa har da matarsa. Da aka share makoki sai ya duƙufa a ɗakin gwaji, yana bin waɗanda suka sha da ƙyar yana roƙon su ɗan jini. Ya san duk wanda ya warke, jikinsa ya ƙera sinadaran garkuwa masu cafke ƙwayar cutar su hana ta ɓarna. Ita ƙwayar siffar ƙarangiya gare ta, ƙayoyi ko'ina a jikinta, kowace ƙaya da kai da gindi, da su take maƙalewa a huhun mutum. Da ya duba sai ya ga yawancin sinadaran nan kan ƙayar suke damƙa, su riƙe gam kamar kaska. 'Yan tsiraru ne ke kutsawa can ƙasa su kama gindin, inda wuyar kaiwa take. Koya wa jiki kamun gindi aikin shekaru ne, ga shi kullum sai an fita da gawa. Sai ya zaɓi kan. Ya kwaikwayi siffarsa a cikin allura, domin jiki ya gane shi tun kafin cutar ta iso. Aka yi wa jama'a, mutuwa ta lafa, ko'ina ya gitta sai sa albarka.

Ashe kan ƙayar ba ya zama da kama ɗaya. Damina na zagayowa cutar ta dawo da sabon kai. Cikin waɗanda ta fara kayarwa akwai ƙanwarsa, wadda shi da hannunsa ya yi mata allurar, ya ce ta kwantar da hankalinta ta ci gaba da jinyar maƙwabta. Ya ɗebi jininta ya gwada. Sinadaran suna nan maƙil, amma in sun zo kamawa sai su zame, ba su san wannan kan ba. Gindin da ya tsallake kuwa yana nan yadda ya bar shi, ko ɗis bai sauya ba. Ya je gefen gadonta ya tsaya. Ta dube shi, numfashi na sarƙe mata, ta ce, “Yaya, ba ka ce an gama da ita ba?” Ba ta kai Juma'a ba.

Ya koma ɗakin gwaji ya faro daga gindin, kansa duk furfura. Sai dai yanzu in ya je roƙon jini, a soro ake sallamar sa, iyaye mata na jin sunan allura su janye 'ya'yansu ɗaki.

Ka lura, mutumin nan bai yi lalaci ba, riƙon da ya yi ma ba na wasa ba ne. Wurin riƙon ne bai dace ba. Shi ya sa Hausawa kan ce, ba a nan take ba, wai an danne bodari ta ka. Ita dabbar nan ai ta gindi take sakin warinta.