Mai Kilishi da 'Yan Tsallen Bango

An yi wani mahauci a wani gari na bakin hanya, kilishinsa ya yi suna wajen tsabta, har direbobi kan tsaya takanas fasinja su sayi tsaraba. Yana shanya namansa a kan gadajen kara, jikin wani tsohon bango mai tsagogi da rana ke duka tun hantsi. A tsagogin nan akwai waɗansu 'yan gizo-gizo masu dabbare-dabbare, ba su kai ƙwayar wake ba. Ba sa saƙa. Sai dai su lallaɓo, su ƙura wa ƙuda manyan idanun nan nasu na gaba, su yi wuf su dira a kansa. Kullum yana ganinsu, bai taɓa ɗaukarsu a bakin komai ba.

Wata rana ya wayi gari da ƙuraje a wuya sun ɗuri ruwa, aka ce masa tautau ne ya bi ta kansa. Shi kuwa mutum ne mai zuciya a kusa, nan take ya rantse duk mai ƙafa takwas ya shiga uku. Matarsa ta ce masa dangin gizo-gizo yawa gare su, kowanne da mazauninsa: tautau ɗan lungu ne, mai saƙa yana can rufin ɗaki, waɗannan kuwa 'yan rana ne, ko a garin iyayenta can kudu akwai su a bango, ba ta taɓa jin sun cuci kowa ba. Ya ce, "Gizo dai gizo ne, ni ba ni da lokacin tambayarsa sunan ubansa." Ya bi su da silifa ɗaya bayan ɗaya, ya kwaɓa laka ya yaɓe tsagogin tas.

Damina na faɗuwa, ƙuda ya samu sake. Ya yi fifita, ya yi hayaƙi, duk a banza, don hannu biyu gare shi, ga yankan nama ga kwaɓin ƙuli. Ran nan wani direba da ya saba saye ya zagaya wajen shanya, ya tarar nama ya yi baƙi ƙirin da ƙuda. Ya tofar da yawu ya koma motarsa, bakin direba kuwa ya fi motarsa gudu. Tun daga ranar motoci sai dai su wuce shi da ƙura, yana zaune da kilishi ba mai tayawa, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kama da wane ba ta wane.