An Hana Zanen Madatsa

Ba yau mai gadi ya fara korar tsohuwar nan daga bakin madatsar ruwa ba. Ya kore ta yau, gobe da la'asar sai ga ta, ta kafa allonta, ta baje fentinta a kan dutse kamar filin gadonta ne.

Doka kuwa a fili take: ba a ɗaukar hoton madatsa, ba a zana ta. Shugabansa ya riga ya ja masa kunne, ko dai ya kai zanen ofis yau, ko ya ajiye kakinsa. Ga shi da iyali.

Ya same ta tana haɗa jan ƙasa da ruwan ɗorawa. Bututun koren fentin ya sha matsa har ya lanƙwashe, shuɗin kuwa ko murfinsa ba a taɓa buɗewa ba. Ya lallashe ta, ya ce ga duwatsu can, ga gonaki, ta je ta zana abin da ranta yake so. Ko kallo bai ishe ta ba. Ta miƙa hannu, ta kanne ido ɗaya, tana awo da babban yatsa can tsakiyar ruwan, inda ko tsuntsu babu.

"Matsa, ɗan nan, ka tare mini haske," in ji ta. "Yanzu rana za ta sauka a kan katanga."

Ya waiwaya. Katangar madatsar tana gefe, cikin inuwa. Ya ce a ransa, tsufa dai babu daɗi.

"Mama, aikina za ki ci."

"An taɓa tashina na tafi salin-alin," ta ce, hannunta bai tsaya ba. "Ba na ƙarawa. In ɗauka za ka yi, ka haɗa da ni."

Ya ji tausayinta, amma tausayi ba zai ciyar masa da yara ba. Ya fizgi allon, ɗanyen fenti ya ɓata masa hannun riga, ya juyo da shi.

Ya nemi madatsa, babu. Ya nemi ruwa, babu ko ɗigo. Jar katanga ce rana ta haska, da koriyar bishiya, da wani mutum zaune a ƙofar gida: ƙauyen da madatsar ta haɗiye ne, gida-gida, kowanne daidai inda yake kwance a ƙarƙashin ruwan.