Gurbi na Bakwai

Manhajar da Nélida take duba faifan ajiya da ita tana nuna guraben ciko guda shida. A zanen tsarin kuwa bakwai ne. Ciko wuri ne da ake bari fanko don bayanai su zauna daidai, babu abin da ya kamata a gani a ciki sai sifiri.

Ta rubuta gyara na layi uku don duka su riƙa fitowa iri ɗaya. Yamandú, wanda kowane gyara sai ya bi ta hannunsa, ya mayar mata da shi.

"Malama, sifiri kike marmarin kallo? Teku na nan a bakin titin Rambla, shi ma babu komai a kansa," ya ce, yana miƙa mata ƙoƙon shayin mate. Idonsa na kan ƙofar gilashi ta ofishin Don Aníbal, mai kamfanin.

Ta sake aikawa, ya sake mayarwa. Daga nan ta fara lura da shi. Ya daina cin abincin rana da kowa, kuma yana rage hasken allonsa idan ta gifta. Asibitocin Montevideo da dama da manhajar kamfanin suke ajiya, duk faifan da ya samu matsala kuma nan ake turo kwafin tsarinsa, bisa alkawarin babu bayanin majiyyaci a ciki.

Ta gwada gyaran a kwamfutarta, a kan wani kwafi da asibiti ya turo. Gurbi na bakwai cike yake da lambobin katin shaidar majiyyata.

Ta san Yamandú yana da 'ya'ya biyu. Duk da haka ta ƙwanƙwasa ƙofar gilashin.

Don Aníbal ya saurare ta a natse. Bai nemi ganin lambobin ba.

"Wa kika faɗa wa, 'yata?"

"Kai kaɗai, ranka ya daɗe."

"Kin kyauta."

Ran Juma'a aka sallami Yamandú, ya kwashe kayansa. Da ya zo wucewa ta gabanta sai ya tsaya, babu fushi a fuskarsa.

"Na yi iya ƙoƙarina kada ki gani," ya ce.

Ran Litinin aka ba ta kujerarsa. Don Aníbal ya leƙo da kansa, ya dafa bayan kujerar.

"Wancan gurbin ki bar min shi a rufe, 'yata, kamar yadda na sa Yamandú ya yi."