Wayar Tabawa Mai Tukwane

Lantana, tun da kin ce jibi za ki shiga birni ki sayi babbar waya, irin ta shafawa, gyara zama in ba ki misali kafin ki kwance bakin zane.

Akwai wata maginiyar tukwane a garinmu, Tabawa. Matar nan ba ta taɓa sayar wa mutum tukunya ba sai ta sa shi ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararta, ya ɗaga ta a rana ya duba ko da tsaga. 'Yarta da ke aure can Fatakwal ta kusa sauka, tafiyar kuma ta fi ƙarfin gwiwoyin Tabawa, sai ta ƙudura ko ba ta je ba, ranar suna sai ta ga fuskar jikanta ta waya. Ta shiga birni tare da maƙwabciyarta Kande mai daddawa. A shago Tabawa ta nuna wadda ta fi kowace faɗi, mai ruwan gwal, da idanu uku a baya. Mai shago ya sa mata layi, ya haɗa mata kiran ganin fuska, ya ce ta tsaya ya nuna mata, ta ce ai ba yau ta fara riƙe waya ba. Kande kuwa ta ishi bawan Allah da tambaya. Cajinta kwana nawa yake kaiwa, tun da wutar garinmu sai ta ga dama? Rubutun yana ƙara girma? In ana daka a tsakar gida za a ji kukanta? Ta fita da ita rana ta duba ko ana ganin fuskar, ta sa ya nuna mata ɗaukar kira har sau uku, sannan ta zaɓi wata madaidaiciya, ta hannu, da 'yar tsaga a kusurwa. Tabawa ta yi ta yi mata dariya a mota, wai ta sayo marfin gwangwani.

Da suka dawo, Tabawa ta yi wa wayar abin da mata ke yi wa kayan jere. Ta naɗe ta a sabon ɗankwali, ta sa a kwalla ta rufe, kada yumɓu ya taɓa ta. Sai in baƙuwa ta zo a buɗe a nuna mata a mayar. Ta Kande kuwa kullum tana hannu. Yau ta ɗauki hoton ƙafarta ba da niyya ba, gobe ta kira mai nama tana neman ƙanenta, ana yi mata dariya tana taya su. Kafin mako uku har hoton daddawa take tura wa masu saye.

Allah ya sauke 'yar Tabawa lafiya, aka sami mace. Ana gobe suna Tabawa ta kai waya wurin mai caji, da safe ta soya masar shinkafa, ta tara matan unguwa a tsakar gida su zo su ga ikon Allah. Da hantsi waya ta ɗauki kuka. Tabawa ta ɗora babban yatsa a kan koren wurin ta danna, yatsan da ya shekara arba'in yana danna yumɓu. Shiru. Ta ƙara ƙarfi, ta hura mata iska, har ƙwanƙwasa ta ta yi, kira ya katse. Da aka sake kira Kande ta miƙo hannu ta ce, "Yaya, ja ake yi, kawo ki gani." Tabawa ta janye ta ce, "A'a, hannunki daddawa." Garin haka ta matse maɓallin gefe, waya ta mutu. Da aka kunna ta sai ta nemi lambar sirri, wadda mai shago ya faɗa mata tana gyara mayafi. Tabawa ta zauna da farantin gwal a cinya, masa na hucewa, idonta ya cika da hawaye, don abu ɗaya ta saye ta domin shi, ga shi yana wuce ta.

Kande ta matso kusa da ita. Ta zaro tata daga ƙugu, ta karanto lambar 'yar Tabawa da ke rubuce da gawayi a bangon ɗaki, ta kira. Sai ga fuskar mai jego, tana cewa, "Inna, ina kika shiga? Ga takwararki, tun ɗazu take jiranki." Tabawa ta karɓi marfin gwangwani da hannu biyu, ta kai shi har hancinta, warin daddawa da komai, tana dariya tana kuka, mata na guɗa a bayanta. Ta ce goshin nasu ne, hancin dai a yi haƙuri, na dangin uba ne. Washegari aka gan ta a ƙofar Kande, sabuwar tukunya a ka, wayar gwal a hannu duk shatar yumɓu, tana sallama tana cewa ɗaliba ta iso.

To ke ma, ki ƙwanƙwasa kafin ki biya, in kin kawo ta gida kuma ki bar ta ta sha hannu tun babu mai jiranki. Ba a fafe gora ranar tafiya.