Jif ɗin Tsohuwa

"Albarka, Mama!" in ji dillalin motoci da ya ji tayin wata ungozoma. Ya shafa jif ɗin. "Wata tsohuwa ce mai ita. Daga gida sai asibiti, motar nan ko laka ba ta sani ba."

Ungozoma ta durƙusa da ƙyar, ta leƙa ƙarƙashi, ta ƙwanƙwasa wata walda da sandarta.

"Wannan fa?"

Dillali ya hau kame-kame.

"Dutse ne ya fasa nan, a tsakiyar rafi, ga mai naƙuda a baya," ta ce. "Ni ce a kan sitiyari. 'Ya'yana suka sayar a ɓoye, wai na tsufa. Cire kuɗin ƙaryarka, ka miƙo makulli. A ƙofar babbansu zan fara danna hon."