Lamba Ɗaya a Allo

"Cire goma," in ji Manaja, ya miƙo mini kwano.

Ni ne heluma, wato shugaban leburori, a sitonsa na gyaɗa da ke Tarauni. Kowannenmu yana da lambar tagulla rataye a allo, bakin ƙofa. In ka zo da safe ka tarar da ƙusarka wayam, to ba sai an yi maka bayani ba.

Tun da cuta ta cinye gyaɗa bara, duk Asabar sai na cire lambobi. Maƙwabcina na Gyadi-Gyadi, da na cire tasa, ya riƙe mini keke a hanya, ya ce, "Heluma, sunanka fa na sa wa ɗana."

Na ce, "Sunan ne zai ɗauki buhu? Sakar min keke."

Yau na zuba goman ƙarshe a kwanon, na kai ofis na ajiye a gabansa. Manaja bai ɗauka ba. Ya leƙa ta taga, ya dubi allon. Lamba ɗaya ta rage tana lilo, tawa.

"Heluma," ya ce a hankali, "yanzu heluman su wa ke nan?"

Ya turo mini kwanon.