Allah Ya Kai Mu

Gatanan gatananku, 'yan albarka.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Ma'aikacin jirgin ƙasa na gwamnati ya shimfiɗa takarda a zauren wani tsoho, can tsakanin Gaya da Ajingi. Ya ce, "Baba, hayar gonarka da muka karɓa ta shekara goma za a mayar da ita shekara casa'in da tara. In ka yarda, dangwala nan."

To, tsohon kunnensa ya yi nauyi, matarsa ce ke jiyo masa magana. Ita kuwa bakinta ya saba, kowa ya ambaci lokaci sai ta bi shi da addu'a. Kafin ta ankara ta ce, "Allah ya kai mu."

Wannan kaɗai tsohon ya ji. Ya washe baki. "Iya, ranar dawo da gonar suka sa? Amin!" Ya dangwala yatsa. Kunyar baƙo ta hana ta gyara.

Damina huɗu yana ware irin gyaɗa yana jiran gonar, har ya rasu. Ɗansu yana tuƙa adaidaita a Kano. Matar kuwa ni ce, kuma ban taɓa gaya wa tsohon gaskiya ba.